Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Makulli a Kan Gwiwa

Har gobe akwai masu cewa a danginmu wai don na gano saurayina talaka ne na fasa aurensa. Gwaggo ce ta fara faɗa, 'ya'yanta suka ɗauka, yanzu har jikokinta da ko haifarsu ba a yi ba a lokacin sun san ni da wannan labari. Tunda na fara wannan tarihi nake ta kewaye-kewaye kada in iso nan. To makon jiya mun tsaya a inda na gama makaranta na dawo gida, babu sauran hanyar da zan bi in tsallake shi.

A gidan Gwaggo ya fara ganina, ita ce kuma ta yi masa iso wurin Baba. Ba zan ɓata shi a inda bai ɓaci ba. Yana da kyau, yana da tsafta, ya iya gaida manya, ban taɓa jin ashar a bakinsa ba. Idan zai zo zance, cikin wata baƙar mota yake zuwa, tana ɗaukar ido. Ya zauna, ya ajiye wayoyi biyu a gefe, ya ɗora makullin a kan gwiwarsa, tambarin kamfanin motar yana kallon sama. In makullin ya kife, sai ya sa yatsa ya juyo shi yana ci gaba da magana. Na sha gani, na ɗauka sabon hannu ne kawai.

Kaka, Allah ya jiƙanta, ta taga ta leƙa shi ranar da ya tashi tafiya. Ta ga ya zagaye motar yana dubawa, ya durƙusa ya goge wani ɗan tabo da hankicinsa, ya sake zagayawa. Da na shigo ta ce, "Kayan aro ba ya rufe katara." Na ce, "Haba Kaka, me kika gani?" Ta ce, "Ban ga komai ba, 'yar nan. Mai abu dai ba ya kallon abinsa da tsoro." Gwaggo da aka kai mata maganar, sai ta ce tsufa ne, tsofaffi ba sa son ganin yaro ya samu.

Ku lura da wani abu, domin a kansa duk rigimar ta tsaya. Bai taɓa cewa "motata" ba. "Motar nan" yake cewa. "Wurinmu", "yaranmu na ofis", "harkar da muke yi da maigida". A Facebook kuma ga hotonsa zaune a bayan wani ƙaton tebur, waya a kunne. Shi dai ya jera kayan ya yi shiru, Gwaggo ta cike sauran da bakinta. Kafin wata ya zagayo dangi kaf sun san zan auri babban ɗan kasuwa.

Ranar da abin ya fashe, ya ɗauko mu ni da ƙanwata zai mai da mu gida. Muna cikin tafiya ƙaramar wayar ta yi ƙara. Ya duba, sai na ga ya miƙe zaune kamar mai kiran yana ganinsa. Muryar nan mai nauyi da na sani ta koma siririya. "Ranka ya daɗe. E, ina nan kusa. Yanzu-yanzu, ranka ya daɗe." Gumi ya tsatso masa a goshi alhali na'urar sanyi tana aiki. Ya gangara gefen titi ya ce mu yi haƙuri mu ƙarasa da kanmu, wani uzuri ya taso. Ƙanwata ce ta raɗa min bayan mun sauka cewa da ta buɗe aljihun motar tana neman abin goge hannu, takardun da ke ciki sunan wani ne daban. Yaya ya bi sawu. Direba ne, shi ake aika ko'ina. Teburin na maigidan ne, babbar wayar ma ta wurin aiki ce.

Tuƙi sana'a ce ta halal, duk wanda ya ce na raina ta Allah ya isa tsakanina da shi. Da na tare shi da maganar, bai musa ba, bai kuma sunkuyar da kai ba. Ya dube ni ya ce, "Na taɓa ce miki tawa ce?"

Wannan tambaya ta daɗe tana cina, domin ban sami amsa ba a ranar. Gaskiya ne bai faɗa ba. Sai bayan shekaru, a wurin karatu, malamarmu ta karanto hadisin Asma'u 'yar Abubakar da Buhari da Muslim suka ruwaito. Wata mata ta tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa tana da kishiya, shin akwai laifi in ta nuna mijinta ya ba ta abin da bai ba ta ba? Ya ce mai nuna ƙoshi da abin da ba a ba shi ba kamar wanda ya sa tufafi biyu na ƙarya ne. Ina zaune cikin mata hawaye suka zubo min. Ashe ba sai harshe ya furta ba. Wanda ya tsara kaya don ka fahimci abin da ba shi ne ba, ya ga ka fahimta, ya kuma ƙyale ka a haka, ya riga ya gama faɗa.

Kada wani ya ce ina hana ado. A Sahihu Muslim, wani mutum ya ce ai mutum yana son tufarsa ta yi kyau, takalminsa ya yi kyau, aka amsa masa cewa Allah mai kyau ne, yana son kyau. Ka yi wanka, ka sa turare, ka zaɓi mafi kyawun abin da kake da shi, ka nuna iliminka da iya maganarka. Wa yake zuwa neman aure a hargitse? Aron kansa ma ba shi ne laifin ba, tunda a hadisin Ummu Aɗiyya an ce wadda ba ta da mayafin fita idi 'yar'uwarta ta ara mata. Da ya ce min, "Motar maigidana ce, ya ba ni in zo," da maganar ta ƙare a nan, da ma na ga mutumin da aka amince wa. Amma ya bar ni ina shirin ɗora rayuwata kacokan a kan abin da zai mayar da safe.

Ya sake jefo min wata kafin ya tafi: "Da a ƙafa na zo, Gwaggonki za ta buɗe min ƙofa? Ke za ki saurare ni?" A kan Gwaggo gaskiyarsa, ba za ta buɗe ba. Na san akwai gidajen da ake auna saurayi da abin da ya hau kafin a tambayi sunansa, masu yin haka suna da kason su a cikin alhakin. A kaina kuwa, bai sani ba, ni ma bai bar ni na sani ba. Ya yanke min hukunci a ransa cewa ni mai kwaɗayi ce tun kafin ya yi min sallama, ya shirya tarkon da ya dace da mai kwaɗayi, sannan da na ƙi aka ce kwaɗayin ne ya sa. Wannan ne ba na iya haɗiyewa. Faɗima 'yar Ƙaisu, wadda Mu'awiya da Abu Jahmi suka nemi aurenta, ta je neman shawara, Manzon Allah ya gaya mata ƙarara cewa Mu'awiya ba shi da dukiya. Mu'awiyan nan ne daga baya ya zama halifa a shekara ta 661, yana mulki daga Dimashƙa. Talaucin yau ba ya nuna gobe, amma duk da haka ba a ɓoye mata halin da yake ciki ba, don haƙƙinta ne ta zaɓa ido buɗe.

Kwanan baya 'yar ƙanwar tawa ta zo tana kuka. Wanda suke magana ta waya zai zo ganinta, ita kuma hotunan da take ɗorawa a Instagram da WhatsApp duk ta wanke su da manhaja, ta ƙara haske, ta rage hanci. Yarinya kyakkyawa, amma tana tsoron a ga fuskarta. Na taɓa karanta wani bincike da aka buga a Amurka a 2008, inda aka tara mutum 80 masu neman abokin soyayya ta intanet a New York, aka auna tsawonsu da nauyinsu, aka duba shekarunsu, aka gwada da abin da suka rubuta. Kusan takwas cikin goma sun sauya wani abu, maza sun fi ƙara tsawo, mata sun fi rage nauyi. Saboda haka ba na maza kaɗai ba ne. Na gaya mata maganar Kaka, kayan aro ba ya rufe katara, na sa ta aika masa hoto ɗaya da babu gyara kafin ya taso. Hannunta yana rawa ta tura.

Shekarun da suka biyo bayan fasa auren ba ni da abin faɗa a kansu. Baban yara da ya zo, abin da yake samu bai kai na wancan direban ba, kuma da bakinsa ya gaya wa Baba tun ba a tambaye shi ba. Na aure shi. Gwaggo tana gani, dangi suna gani, amma ko mutum ɗaya bai dawo ya ce ashe mun yi miki ƙazafi ba.

Na yi gaba da yawa. A daren da na ce na fasa, Gwaggo ba ta kwana a gidanta ba. Ta zo ta sami Baba, ta rantse in ba a ɗaura auren nan ba babu ita babu gidanmu. Baba ya aika a kira Kawu, ni kuma aka ce kada in fito daga ɗakin Kaka. Abin da Kawu ya faɗa da ya iso, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.