Daren da na yi wanka da ruwan gishiri

Ni malamin lissafi ne a wata sakandare a Argungu, kuma tun ina firamare da wuya a kayar da ni a aji. Na faɗi haka ne don a san irin mutumin da ya tashi ƙarfe uku na dare, a watan Agustan 2014, ya ɗora ruwa a wuta ya zuba gishiri ya yi wanka.

Lokacin Ebola ta shigo Legas tare da wani matafiyi daga Laberiya, Patrick Sawyer, hankalin kowa a tashe yake. Wani abokin aikina ya kira ni ya ce a yi wanka da ruwan gishiri kafin asuba, a kuma sha, wai yana kare mutum daga cutar. Ban tambaye shi inda ya ji ba. Abin da ke ba ni kunya har yau, kafin ruwan ya yi zafi na riga na ƙera wa maganar hujja: ai gishiri na kashe ƙwayoyin cuta, ba da shi ake adana kifi ba? Na tashi matata na yi mata bayani tamkar ina gaban allo. Ta yarda nan take, tunda Malam ne ya faɗa.

Inna ce ta tsayar da ni, ita da ba ta taɓa zama ajin boko ba.

"Malam, wa ya aiko da saƙon?"

"Abokina ne, Inna."

"Shi kuma wa ya gaya masa?"

Na yi shiru.

"To ni likita ya hana ni gishiri saboda hawan jini. Allah ya ba mu alheri." Ta ja ƙofarta.

Gari na wayewa hukumomin lafiya suka ƙaryata zancen. Cutar da ake ɗauka ta hanyar taɓa jini ko ruwan jikin mai ita, ina ruwanta da wanka? Mutum 20 ta kama a Najeriya, 8 suka rasu, ko kusa da Kebbi ba ta zo ba.

Na daɗe ina juya abin a raina. Ƙwaƙwalwata ta yi aiki sosai a daren nan, sai dai tsoro ta yi wa aikin. Tsoro ne ya yanke hukunci, ita kuma ta tsaya masa lauya.

Daga baya na gwada ɗalibaina da wata tambaya da wani malamin jami'a a Amurka, Shane Frederick, ya wallafa a 2005, na mayar da ita kuɗinmu: littafi da biro naira 1,100, littafin ya fi biron da naira 1,000, nawa ne biron? Zakarun ajin suka yi caa, "Ɗari!" Wata yarinya a benci na baya, wadda ba ta cika ɗaga hannu ba, ta haɗa lissafin a takarda ta ga zai kai 1,200, ta ce hamsin ne.

Tun daga ranar na daina yabon wanda ya riga kowa amsawa. Kowa ya ba ni amsa sai ya mayar da ita cikin tambayar ya gani ko ta zauna. Yaran sun raɗa min suna "Malam Wa-ya-ce", ba su san tambayar ta Inna ba ce. Ita kuwa har yanzu, in na kawo mata labari daga waya, sai ta ce, "Wannan ma da gishiri za a sha shi?"