Guntuwar ƙotar da ke cikin akwatina

Jiya na miƙa makullin sito da katin aiki, bayan shekara 6 ina bin daji da ayarin safiyo. Ina cikin kwashe kayana daga akwatin ƙarfen da ke bayan mota sai ga guntuwar ƙotar wuƙar nan a naɗe cikin tsumma. Duk wanda muka yi aikin bayan Kachia tare ya san ta. Sababbin ma'aikata kuwa labarin kawai suka ji, shi ma daga bakin da ya ga dama, shi ya sa nake so in faɗi nawa kafin in tafi.

Watan Agusta ne, marka ta kwana uku ba ta ɗauke ba. Mu tara muke kafa fegi a iyakar wata babbar gona, da adda biyu rak a tsakaninmu. Gatari kuwa sau uku ina rubuta takardar neman sa, sau uku oga yana ce mini, "Malam, ka yi maneji da abin da ke ƙasa." Duk itacen da muka tsinto ya sha ruwa, yara ba su sa komai mai zafi a ciki ba tun jiya. Mai shiga daji ya san cewa komai jiƙewar busasshen reshe, cikinsa a bushe yake, sai dai a faskara a kai ga zuciyar. Masu addar sun yi nisa da share layi. Sai na zaro wuƙata.

Wuƙar nan a wajen wani mai tebur na saye ta a bakin titi. Doguwa ce, ta kai inci 8, tana ƙyalli kamar madubi, ga haƙoran zarto a gadon bayanta, ga baƙar ƙota ta roba mai kyan riƙo. Ban tambayi komai a kanta ba sai kuɗi. Na ɗora kaifinta a kan guntun marke, na ce wa wani yaro ɗan ƙauyen da muka ɗauka leburanci, "Ƙanena, riƙe mini nan kada ya faɗi." Na ɗauki sanda ina dukan bayan wuƙar. A bugu na huɗu ta ci karo da ƙulli a cikin itacen. Ƙarar da na ji ba ta fi ta karyewar tsinke ba. Ƙotar ta rage a hannuna, ruwan wuƙar ya yi tsalle ya shiga tsakanin babban yatsan yaron da manuniya.

Bai yi kuka ba. Kallona kawai ya yi, jini na bin gwiwar hannunsa yana haɗuwa da ruwan sama. Na yage rigata na ɗaure, muka ɗora shi a babur cikin taɓo har asibiti. An yi ɗinki, an yi allurar tetanus, amma jijiyar ta taɓu. Har yau yatsan ba ya lanƙwasuwa yadda ya kamata, kuma manomi ne, da hannun yake riƙe fartanya.

Da dare na haska ƙotar da tocila. Abin da ya haɗa ta da wannan ƙaton ƙarfe wani siririn tsinke ne da bai fi ƙusa kauri ba, an yi masa walda a wuyan wuƙar, an ɗaure ƙarshensa da noti. A daidai waldar ya ɓalle. Wato duk tsawon da ƙyallin nan a kan ƙusa ɗaya suke tsaye.

Laifina biyu ne, kuma ban taɓa musun su ba. Na sayi wuƙa da ido, sannan na sa hannun mutum a inda ƙarfe zai bi. Amma abin da aka rubuta a rahoto daban ne. Oga ya rubuta cewa ma'aikaci ya yi amfani da "makami" nasa na kansa ba tare da izini ba. Makami! A garin da ake kama 'yan daban da ake kira 'yan shara da wuƙaƙe, kowa ya san abin da wannan kalma take jawo wa sunan mutum. Na same shi a ofis na ce, "Yallaɓai, a haɗa da takardun gatarin nan uku a cikin fayil." Ya ce ba ya tuna su. Shi ke da wuƙa da nama, aka yanke kuɗin asibiti daga albashina, aka hana ni ƙarin girma a shekarar. Kuɗin asibitin ko ba a yanke ba da kaina zan biya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, bayan mako biyu sai ga sababbin gatura huɗu a sito, ba wanda ya ce uffan, ni kuma aka ba ni littafi in sa hannu na karɓa.

Wani dattijo mafarauci da ke nuna mana hanya shi ne ya fara koya mini wuƙa da gaske. Ya zaro tasa daga kube ya miƙo mini ta wajen ƙota. Baƙa ce, gajera, ba ta da wani ado. Ya ce, "Ɗana, juya ta ka dubi gefen ƙotar." Sai na ga ƙarfen ya ratsa tun daga tsini har gindi, faɗinsa ɗaya da ƙotar, an rufa masa katako biyu hagu da dama an ɗaure da ƙusa uku. Babu walda, babu mahaɗi, ƙarfe guda ne. Tun daga ranar, in aka miƙo mini wuƙa, ƙotar nake fara dubawa kafin kaifin. In ban ga inda ƙarfen ya ƙare ba, sai in tambaya, in mai ita bai sani ba in ajiye masa abarsa. Wuƙa mai naɗewa kuwa a bar ta wa yankan igiya da ɓare rake, domin inda take naɗewa nan ne rauninta.

Da muka dawo Kaduna na shiga kasuwar Panteka na sayi ɓallen sifirin na mota, na kai wa wani maƙeri. Sifirin ƙarfe ne da aka yi shi don ya lanƙwasa ya dawo a ƙarƙashin nauyi, shi ya sa yake jure duka ba ya tsagewa. Na zauna kusa da zugazugi na ga aikin da idona. Bayan ya fitar da siffa a kan uwar maƙera, ya gasa ta ta yi ja, ya tsoma a mai. Daga nan ya sake ɗumama ta a hankali har ƙarfen ya ɗauki launin busasshen kara. Ya ce wanda ya tsallake wannan mataki na biyu ya yi wuƙa mai tauri kamar gilashi, kuma kamar gilashi za ta fashe. Ya goga mata magagari a baki ya nuna mini: in magagari ya ci ta da sauƙi, ta yi laushi, ba za ta riƙe kaifi ba, in ya zame yana ɗan kamawa kaɗan, ta yi daidai.

Tsawon ruwanta inci 5 ne, kauri milimita 4, bayanta a miƙe ba haƙora. Ƙotar kirya ce, itacen da ake sassaƙa turmi da shi, ta cika tafin hannu ba ta zamewa ko da gumi. Masu kuɗi suna yin odar Morakniv daga Suwidin, kamfanin da ke ƙera wuƙa tun 1891, kuma na riƙe guda, tana fiƙe fegi kamar ana yanka sabulu. Amma ni dai ta maƙerina ta shekara 4 tare da ni, ta faskara, ta feɗe akuya, ta sassaƙa fegin da ba zan iya ƙirgawa ba, ko girgiza ƙotarta ba ta yi ba. Doguwar wuƙa ruɗi ce: ba ta kai adda sara ba, ba ta kai gajera iya sassaƙa ba.

Aibinta ɗaya, tsatsa. Baƙin ƙarfe ba kamar na silba ba ne, in ya kwana a jiƙaƙƙen kuben fata, da safe za ka tarar ya yi ja. Sai a goge, a shafa man gyaɗa ko man kaɗanya, ban da baƙin mai tunda da ita ake yanka abin ci. Wasawa kuma kullum kaɗan-kaɗan a kan dutse da ruwa ya fi a bari ta dakushe a kai wa mai injin, wanda zai ƙona mata baki ya kashe taurin. Dakusasshiyar wuƙa ta fi yanka mai ita, don sai ka danna da ƙarfi, in ta zame kuma ba ta da birki.

Sauran ba su da tsawo. Yanka ana yin sa ne nesa da jiki, ba a tsakanin cinyoyi ba. Ba a haƙa ƙasa ko ɓanɓare murfin gwangwani da tsini. Itacen da faɗinsa ya fi tsawon ruwan wuƙar aikin gatari ne. A kan hanya wuƙa cikin akwatin kayan aiki take zama tare da katin shaida, ba a ƙugu ba, saboda shingayen bincike. Kuma duk abin da ka nema a rubuce, ka riƙe kwafinsa a gidanka.

Wuƙar kiryar na bar wa wanda zai gaje ni, na nuna masa yadda ake jingina itace da dutse maimakon hannun mutum. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan hau motar Kachia. Yaron da na ji wa raunin ya yi aure bara, yana noman citta, ya aiko cewa matarsa ta sauka. Na sa maƙerin ya yi masa fartanya mai siririyar ƙota, wadda yatsu huɗu za su iya riƙewa.