Ranar da na ga yaƙin Waterloo a kan teburi

Wani abokin aikina Bature ne ya ja ni zuwa Salute, baje kolin masu wasan yaƙi da 'yan ƙananan mutum-mutumin sojoji da ake yi a zauren baje koli na ExCeL, gabashin Landan, rana ɗaya tak a watan Afrilu, ƙungiyar South London Warlords ce ke shiryawa. Gaskiya da farko ban ɗauki abin da muhimmanci ba, na bi shi ne kawai don ya riga ya saya min tikiti.

Muna shiga wani teburi ya tsayar da ni cak. Gonar Hougoumont suka gina, wadda sojojin Faransa suka wuni suna kai wa hari a yaƙin Waterloo ranar 18 ga Yuni 1815 amma ba su ci ta ba. Sojojin tsawonsu milimita 28 ne, da kyar suka wuce gaɓar yatsa, amma da na durƙusa idona ya zo daidai da bakin teburin sai ga katangar bulo da ramukan harbi, ga sojojin Birtaniya masu jar riga sun taru suna tura ƙofa, ga taɓo a ƙafafun dawaki, hayaƙi na tashi ta saman rufi. Na fi rabin awa a wurin wallahi. Wani dattijo cikin waɗanda suka gina ya ga na ƙi tafiya sai ya shiga nuna min, hayaƙin auduga ce aka shafa wa toka-tokan fenti, katangar soson kwali ne mai tauri ya zana bulo ɗaya-ɗaya da biro, gonar alkamar kuwa da ta fi burge ni ashe tabarmar goge ƙafa ce ta bakin ƙofa ya yanka. Nan take na tuna motar kara da shanun laka da muke yi muna yara, hannuna har ƙaiƙayi yake.

Ban fita ba sai da kwalin sojojin Faransa na kamfanin Perry Miniatures da fentin kamfanin Vallejo kala takwas.

Na farkon da na yi wa fenti sun ɓaci. Ɗoki ya sa ban fesa musu fentin shimfiɗa ba, wato shafin farko da ke sa sauran fenti ya kama jiki, na dinga ɗibar fenti kai tsaye daga kwalba ina laftawa, fuskoki suka toshe, maɓallan riga suka ɓace, inda na taɓa da yatsa ya ɓare. Na kwana biyu ina fama da ƙwayar idon mutum ɗaya. Da na kai wa abokin nan nawa sai ya karɓa ya miƙe hannunsa iya tsawonsa yace, daga nan ake kallonsu, kana ganin ido? Ban gani ba kam. Ashe abin da ya kama ni a teburin can ba kyan soja ɗaya ba ne, yawansu ne da yadda ƙasa da gini da ciyawa suka haɗu suka zama wuri guda.

Sai na sake lale. Yanzu ina fesa shimfiɗa tukuna, in tsinka fenti da ruwa ya koma kamar madara, shafi biyu sirara, sannan in bi da wani ruwan fenti mai duhu da ke gangarawa cikin lungunan riga ya fito da inuwa da kansa. Daga ƙarshe in goge buroshi a tsumma har ya kusa bushewa in ɗan shafa sama-sama. Goma-goma nake yi, duk wanduna yau, duk jakunkuna gobe. Gindin da suke tsaye a kai kuma na daina raina shi, farin gam na kafinta da yashi da ɗan ciyawa sun fi awa uku na gyaran fuska tasiri.

Abin da ke kan teburina yanzu mahayan doki ne na Sudan zamanin Mahadi, ina ɗora musu lifidin da nake ƙerawa da ƙullin gyara, wani kwaɓi mai daskarewa, don su koma barade irin namu, ga kuma guntun ganuwa da ƙofa da nake sassaƙawa da soso. Jan ƙasar ganuwar ne har yanzu bai fito min yadda nake so ba, na haɗa kala sau huɗu, gobe zan gwada zuba ainihin ƙasa a cikin gam ɗin in gani.