Zuwa Zuru Neman Izinin Saukar Lema

Inna ce ta tura ni Zuru. Tun ranar da na gaya mata cewa idan aiki ya kai ni Dubai ina so in diro daga jirgin sama da lema, ta daina amsa mini gaisuwa da sakin fuska. Kwana uku tana haka. Ran na huɗu ta ce, "Je ka wurin Kawunka, shi ya san wannan abu. In ya ce ka yi, na yarda. In ya ce a'a, kada in ƙara jin zancen." Kawu yayanta ne, tsohon soja, ya yi horon saukar lema a Jaji yana saurayi, da ya ajiye kaki kuma ya zauna a Zuru inda ya yi aure.

Na bar Birnin Kebbi bayan sallar asuba, cikin sanyin hunturu, don kowa ya ce hanyar Zuru da rana ake binta. Muka wuce Kalgo gari bai gama wayewa ba. A Jega direba ya tsaya cika fasinja, na sha shayi a bakin tasha ina kallon ana loda buhunan albasa. Daga nan sai Maiyama, sai Koko, inda muka bar babban titin da ya miƙe Yauri muka karya ta Mahuta. Nan tafiya ta koma ta haƙuri: ramuka, ƙura, shingen jami'an tsaro. Amma ƙasar ta fara sauya kama, shimfiɗar da na saba da ita ta ba da wuri ga tuddai da duwatsu, hazo ya lulluɓe kawunansu. Muna wuce Dabai, wani dattijo da ke kusa da ni ya tambayi abin da ya kawo ni. Da na gaya masa, bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ya ce a ƙasar Zuru da wuya ka shiga unguwa ba ka sami gidan soja ba, ya lissafa mini Janar Ishaya Bamaiyi da ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, da marigayi Sarkin Zuru Manjo Janar Muhammadu Sani Sami wanda ya taɓa yin gwamnan soja a Bauchi.

Na sami Kawu a gindin mangwaron ƙofar gidansa, rediyo a kan cinya. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi Inna da yara ɗaya bayan ɗaya, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka. Sai da na wanke hannu ya ce, "To ɗana, uwarka ta kira ni. Wai sama kake son zuwa ka faɗo."

Na ce, "Haka ne, Kawu."

"Kana jin tsoro?"

Na faɗa masa gaskiya, ina ji. Ya gyaɗa kai ya ce da na ce ba na ji, da zance ya ƙare a nan, don mutanen da ya fi jin tsoronsu a cikin jirgi su ne masu cewa ba abin da ke ba su tsoro. Irinsu ne ke mantawa su duba maɗauri.

Ya ba ni labarin irin tasu saukar. Lemarsu zagayayyiya ce kamar faifai, ba ta jin linzami sosai, inda iska ta nufa can za ta kai ka. Ba daga nesa ake sakin su ba, ƙafa dubu da 'yan kai ne, domin soja ba ya son daɗewa yana reto a sama abokan gaba na kallonsa. Kafin a kai ƙofa kowa zai maƙala ƙugiyar igiyarsa a jikin wata waya da ke cikin jirgin, yana fita igiyar ta fizgo lemar ta buɗe da kanta. Aikinka ka haɗe ƙafafu, ka sunkuyar da haɓa, ka ƙirga dubu ɗaya, dubu biyu, dubu uku, dubu huɗu, sannan ka ɗaga kai ka dubi lemarka. In ba ta cika ba, hannunka na kan ta ko-ta-kwana da ke ɗaure a cikinka. Ya ce sun shafe makonni suna tsalle daga kan dandamali zuwa cikin yashi kafin a bar su su leƙa cikin jirgi, kuma abu ɗaya ake ta nanata musu, yadda za a faɗi. Gaban tafin ƙafa ya fara taɓa ƙasa, sai gefen ƙwauri, gefen cinya, ɗuwawu, sannan gefen baya, mutum ya mirgine kamar buhun da aka kwantar, don nauyin ya rarrabu. Wanda ya miƙa hannu ya tare ƙasa, ko ya ware ƙafafu, shi ake ɗauka a makara zuwa wajen likita. Ya ɗaga wandonsa ya nuna mini idon sawunsa na hagu, wanda har yau ke masa ciwo idan sanyi ya shigo. Ya ce rana ɗaya ce ya dubi ƙasa ya miƙa ƙafa ɗaya yana neman ta.

Sai ya juyo da tambayoyin kaina, kuma nan na gane ban san abin da nake tsammanin na sani ba. Wa ke naɗe lemar? Lema nawa ce? In malamin da za ku sauko tare ya suma fa? Na yi ta kame-kame. Ƙarshe na ce bari in kira abokina da ya gayyace ni, wanda ke zaune a Dubai kuma yana da lasisin sauka shi kaɗai. Sabis ba ya kamawa a gindin mangwaron, sai da muka hau wani dutse a bayan gida bayan la'asar, Kawu na dogara sandarsa yana ƙin in riƙe masa hannu.

Abokina ya durƙusa a gaban waya ya gaida Kawu kamar yana gabansa, sannan ya ɗauko jakar kayansa ya shimfiɗa. Lema biyu ce a jaka ɗaya ta baya, babbar a ƙasa, ta ko-ta-kwana a sama. Duka biyun ba zagayayyu ba ne, masu kusurwa huɗu ne, an ɗinka su aljihu-aljihu iska na shiga ta gaba ta cika su su zama fiffike. Wani mai suna Domina Jalbert ya ƙirƙiro wannan fasali a shekarun 1960, kuma shi ya sa yanzu ake tuƙa lema da igiyoyi biyu kamar linzamin doki: ka ja dama ta juya dama, ka ja duka biyun ta rage gudu. Kawu ya sa shi ya kusanto da wayar kan wasu zobba uku da ke sarƙe da juna a kowace kafaɗa. Abokina ya ce aikin Bill Booth ne na Amurka tun shekarun 1970. Kowane zobe na rage wa na gaba da shi nauyi, har ya zama da hannu ɗaya mutum zai ja mariƙi ya rabu da babbar lema in ta cukurkuɗe, sannan ya buɗe ta biyun a sarari ba abin da zai harɗe ta. Kawu ya daɗe yana kallon zobban nan. Ya ce a lokacinsu in babbar ta lalace tana nan a kanka, haka za ka jefa ta biyu kana addu'ar kada su naɗe juna.

Maganar suma kuwa, abokina ya nuna masa wani ɗan allo da bai wuce yatsa ba. Na'ura ce mai auna nisa da ƙasa da kuma gudun faɗowa, tasa ƙirar Cypres ce ta Jamus wadda ta fito a 1991. In ta ga mutum ya yi ƙasa sosai har yanzu yana gudun wanda bai buɗe lema ba, sai ta yanke zaren da ya rufe ta ko-ta-kwana. Ga ƙwararre tana yin haka a wajen ƙafa 750, ga masu saukar mutum biyu kuma tun a ƙafa 1,900. Ita kanta lemar ko-ta-kwana ba kowa ke naɗe ta ba sai mai takardar shaida, kuma a dokar Amurka duk kwana 180 sai an warware ta an duba an sake naɗewa ko da ba a yi amfani da ita ba. Akwai ɗan kati a jikin jakar mai ɗauke da kwanan wata da sa hannu.

"Ka ji ko?" Kawu ya ce da ni. "Ka ce a nuna maka katin nan. Ba rashin kunya ba ne."

Ni irin saukar da zan yi ita ce ta goyo, sai dai a gaba ake goyon. Za a ɗaure ni a ƙirjin malami da ƙugiya huɗu, biyu a kafaɗu biyu a ƙugu. Za mu fita a wajen ƙafa 13,000, ya saki wata 'yar lema da ke rage mana gudu ya tsaya kusan kilomita 200 a awa, mu yi kamar minti ɗaya a haka, ya buɗe babbar a wajen ƙafa 5,000. Nawa aikin kaɗan ne amma ba a wasa da shi: in tura ƙugu gaba, in ɗaga kai, in lanƙwashe ƙafafu baya, kuma kada in kama hannun malami ko wani mariƙi. Abokina ya ƙara da cewa in ina mura in ɗage ranar, don kunnen da ya toshe ba ya jure saurin sauyawar iska, kuma in ci abinci daidai, kada in je da yunwa.

Kawu ya tambaye shi mutum nawa ke mutuwa. Tambayar da na kasa yi ke nan tun farko. Abokina ya ce ƙungiyar masu saukar lema ta Amurka ta ƙirga mutuwar mutum 10 cikin sauka miliyan 3.65 a 2023. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne bayanin da ya biyo baya, cewa da yawa daga cikin waɗanda ke rasa rai ƙwararru ne, lemarsu ta buɗe lafiya lau, suka yi juyi mai kaifi dab da ƙasa ba su bar wa lemar sararin miƙewa ba. Kawu ya buga sandarsa a kan dutsen ya ce shi ma abin da ya gani ke nan, ƙasa ce ke karya mutum, kuma wanda ya saba ya fi baƙo raina ta.

A nan ne suka ɗan saɓa. Kawu ya ce gobe zai koya mini haɗe ƙafa da mirginawa. Abokina, cikin ladabi, ya ce a saukar goyo akasin haka ake so: in ɗaga ƙafafuna sama su miƙe gabana, malami ya fara taɓa ƙasa ko mu zame a zaune, don in ƙafata ta riga tasa sauka nauyin mutum biyu zai hau kanta. Na zaci Kawu zai ji haushi. Shiru ya yi, sannan ya ce, "Yaron nan ya fi ni gaskiya. Kayan sun sauya. Abin da malaminka ya ce shi za ka yi, ko da ya saɓa da nawa." Na daɗe ban ga abin da ya ƙara mini girman wani dattijo kamar wannan ba, mutumin da idon sawunsa ke shaida ya san abin da yake faɗa.

Washegari da sassafe ya sa aka ɗaura igiyar guga a reshen mangwaron, ya ce in rataya in ɗaga ƙafafu in riƙe yana ƙirgawa. Cikina ya ɗauki zafi tun kafin ya kai ashirin. Ya sa na maimaita har sau goma, ya ce in ci gaba kullum har ranar tafiya. Sannan ya ba ni sharuɗɗansa: in ga katin lemar da idona, in ga an kunna na'urar, kuma in aka ce iska ta yi yawa ko gari bai washe ba a dawo gobe, in dawo goben ba tare da na roƙi kowa ba, ko da kuɗina zai tafi.

Ya raka ni har tasha, ya saya mini ƙullin gyaɗa in kai wa Inna. Sai da muka hau babban titi a Koko sabis ya dawo, na kira ta. Ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba. Sai ta ce, "Lemar guda nawa ce?"

Na ce, "Biyu, Inna."

Na ji numfashinta a wayar na ɗan lokaci. Sannan ta ce in mun iso Jega in sayo mata albasa, ta kwano biyu, kuma in yi ƙoƙari in shigo gida kafin magariba.