Yadda na samu fosdok a binciken laifuka da gibin arziki, bayan shekara guda ta faɗuwa

Shekarar da na kare digirin digirgir na tura takardun neman fosdok wuri goma sha ɗaya, babu ko ɗaya da ya kira ni intabiyu, wasu ko amsar imel ɗin ma ba su yi ba. Fosdok dai aikin bincike ne na shekara ɗaya zuwa uku da ake ba wanda ya gama dakta, da albashinka, koyarwa kaɗan ce ko ma babu. Ni fannin da ya kama zuciyata shi ne alaƙar aikata laifi da tazarar da ke tsakanin mai shi da mara shi, kuma ba a aji na fara ganin abun ba, a unguwarmu na gani, yaran da muka yi firamare tare yau wasu suna daba, wasu an kama su a ƙwacen waya, alhali titi ɗaya ne ya raba layinmu da gidajen da ake ajiye mota huɗu.

To wannan ɗin na kwashe na zuba a furofozal ɗina, wato takardar bayanin binciken da nake son yi, shafi biyar. Da na kai wa wani malamina ya karanta sai ya ajiye takardar ya ce, "Malam, damuwarka ka rubuta, ina tambayar take?" Wallahi raina ya sosu a ranar, amma gaskiya ya faɗa min.

Abun da ban gane ba a lokacin shi ne, cewa talauci da rashin daidaito suna tafiya tare da laifi ba labari ba ne a wurin masu bincike a wannan fannin. Tun 1968 Gary Becker ya kafa harsashin fannin, ya ce mai aikata laifi shi ma lissafi yake yi, yana auna abun da zai samu da yiwuwar a kama shi da nauyin hukuncin, kuma a 2002 Fajnzylber da Lederman da Loayza sun duba ƙasashe da yawa sun ga inda gibin arziki ya fi faɗi, kisa da fashi sun fi yawa. An wuce nan tuni. Yanzu tambayar da za a maka ita ce ta yaya ka san wannan ne ya jawo wancan, tunda garin da ya tara masu kuɗi da talakawa shi ne kuma ya tara 'yan sanda da 'yan jarida, wataƙila rahoton ne ya yi yawa ba laifin ba.

Sai na zauna wata uku ina karanta ayyukan cibiyoyin da nake so su ɗauke ni. Crime Lab na Jami'ar Chicago da aka kafa a 2008, can ne Sara Heller ta bi matasan da aka ba aikin hutun bazara ta hanyar ƙuri'a, aka ga kama su kan laifin tashin hankali ya ragu da kashi 43 cikin 100 a wata 16. Chris Blattman da abokan aikinsa a Monrobiya ta Laberiya sun ɗauki maza 999 masu rayuwar titi, wasu aka ba su horon gyaran tunani da ɗabi'a na sati takwas, wasu dala 200, wasu duka biyun, kuma waɗanda suka samu biyun ne sauyinsu ya fi ɗorewa. Paolo Pinotti na Jami'ar Bocconi a Milan shi da Britto da Sampaio suka haɗa bayanan ma'aikata da na kotunan Brazil, suka gano mutum in an sallame shi daga aiki yiwuwar a gurfanar da shi kan laifi tana ƙaruwa da kusan kashi 23 cikin 100. Duk cikinsu abu ɗaya ne ya canja a rayuwar mutanen, kuma akwai data da ta bi kowa ɗaya bayan ɗaya.

Nan matsalarmu ta gida take. Mutumin da aka sace wa waya sau tari ba ya zuwa caji ofis, ya bar wa Allah kawai, don haka abun da ke rubuce kaɗan ne daga abun da ya faru. Akwai ACLED da Nigeria Watch masu tattara labaran tashin hankali galibi daga jaridu, akwai Afrobarometer da ke tambayar mutane kai tsaye ko an musu sata, sai binciken gidaje da hukumar ƙididdiga ta ƙasa take yi tare da Bankin Duniya. Na haɗa waɗannan da bayanan ruwan sama, na matse tambayata ta koma guda ɗaya: ƙaramar hukumar da damina ta yi wa gardama, satar shanu tana ƙaruwa a cikinta bayan kaka, kuma ta fi ƙaruwa ne inda dabbobi suke hannun mutane ƙalilan?

Da wannan fefar, wato takardar binciken da na rubuta kan tambayar, na sake shiga kasuwar neman aiki. Tallan ayyukan yana fitowa ne daga Satumba a JOE na ƙungiyar masana tattalin arzikin Amurka, da EconJobMarket, da INOMICS, da EURAXESS na Turai, yawanci a rufe a Nuwamba, kuma wasiƙar shaida uku ake so, ku nemi malamanku tun da wuri don Allah. Ta ɓangaren rashin daidaito akwai cibiyoyin bincike na Stone irin ta jami'ar CUNY a New York, da World Inequality Lab a Paris. Tallafin Marie Curie kuma, na fosdok da Tarayyar Turai take bayarwa, a Satumba yake rufewa, sai ka fara samun malamin da zai karɓe ka, kada shekarun bincikenka bayan dakta su wuce takwas, kuma kada ka zauna a ƙasar da kake nema fiye da wata 12 cikin 36 na baya.

Wuri uku suka kira ni ta Zoom. A wanda na samu ɗin, wata jami'a a Turai, tambayar farko ita ce, ƙauyen da ɗan jarida ba ya zuwa fa, ya za ka yi da shi? Na ce wannan rauni ne na gaske a aikina, na nuna yadda na sake gwada sakamakon a wuraren da ke kusa da manyan hanyoyi kaɗai. Daga baya shugabar tawagar ta faɗa min amsar nan ce ta sa suka zaɓe ni.

Shekara biyun da aka ba ni na aikin kuma ba komai ba ce, wannan na koya da zafi. Biza ta ci min wata biyu, izinin taɓa bayanan kotu da na gidajen yari ya ci wata bakwai, kuma ko da ya fito a wani ɗaki na musamman kake aiki, ba ka fita da komai sai an duba an tabbatar ba za a gane kowa ba, kafin ka ankara Satumba ta biyu ta zo ka koma neman aiki. Da na sani da tun ranar da aka ba ni aikin zan cike fom ɗin izinin. Sannan ban tambayi kwana nawa ne na aikin tawaga nawa ne nawa ba, ban tambayi ko sunana zai hau fefar ba, kunya ta hana ni, sai da muka yi wata biyar kafin na buɗe baki aka tsayar min da kwana biyu a sati, kuma ba wanda ya ji haushi, dama jira suke na yi magana.

Kwana biyun nan nake kashewa yanzu a kan rajistar wasu kotunan majistare na gida, littattafai ne rubutun hannu da na samu izinin ɗaukar hotonsu lokacin hutu, ina shigar da su kwamfuta layi-layi bayan na cire sunaye, shekarun wanda ake tuhuma da sana'arsa da unguwarsa da ko ya iya cika sharuɗan beli. Na kai littafi na shida, saura goma sha huɗu.