Catan: inda ka kafa ƙauyen farko, nan wasanka ya dosa

Sabon ɗan wasan Catan yakan ɗora wa dayis laifi in ya sha kaye. Akwai sa'a a wasan, ba musu, amma yawancin masu faɗuwa sun faɗi ne tun a 'yan mintunan farko, lokacin da kowa ke ajiye ƙauyukansa biyu a kan allo.

Klaus Teuber, wani Bajamushe mai sana'ar haɗa haƙoran roba, shi ya ƙirƙiro wasan, ya fito a 1995. Allon tsibiri ne mai filaye 19, kowanne da kusurwa shida: daji 4 masu ba da itace, makiyaya 4 masu ba da ulu, gonaki 4 na alkama, tuddai 3 na bulo, duwatsu 3 na tama, sai hamada guda da ba ta ba da komai. Kowane fili ban da hamada yana da lamba. In dayis biyu suka ba da wannan lambar, duk mai ƙauye a kusurwar filin ya ɗauki kati ɗaya, mai birni ya ɗauki biyu. Wanda ya riga kai maki 10 ya ci.

To, lambobin nan ba ɗaya suke ba. Dayis biyu suna iya faɗuwa ta fuska 36. Shida da takwas kowacce tana da fuska 5, shi ya sa aka rubuta su da ja. Biyar da tara suna da 4, huɗu da goma 3, uku da sha ɗaya 2, biyu da sha biyu kuwa ɗaya tak. Ɗigon da ke ƙasan lambar wannan lissafin ne, don haka ba sai ka haddace ba. Kafin ka ajiye ƙauye, tara ɗigon filaye ukun da suka haɗu a wurin. Mahaɗar 6, 9 da 3 ɗigo 11 ke nan, wato kati wajen 11 a jifa 36, kuma in ku huɗu ne, zagaye tara ke nan. Mahaɗar da ke bakin teku da 8 da 2 kawai tana ba da 6. Kusan rabin abin da maƙwabcinka mai ɗigo 11 ke samu za ka riƙa samu har a tashi. A ganina duk wurin da bai kai ɗigo 10 ba, sai da hujja mai ƙarfi ake zama a cikinsa.

Amma ɗigo kaɗai ba ya gina birni. Hanya tana cin itace 1 da bulo 1. Ƙauye yana cin itace, bulo, ulu da alkama, ɗaiɗai. Birni kuwa, wato ƙauyen da aka ɗaukaka daga maki 1 zuwa 2, tama 3 ne da alkama 2. A nan ne mutane da yawa ke zamewa: ƙauyuka 5 kacal ke hannun kowa, maki 5 ke nan, don haka wanda ba shi da tama zai shimfiɗa hanyoyi ya cika tsibiri, ya tsaya cak a maki 7 ko da ya karɓi katin hanya mafi tsawo mai maki 2. Filayen tama uku ne, kuma sau da yawa ɗaya ne kawai ke da lamba mai kyau. Duba shi tun kafin layi ya zo kanka. Alkama ma haka, domin ƙauye da birni da katin ci gaba (katin da ake saye a banki don samun wata dama ta musamman) duk suna neman ta.

Tsarin ajiyewar yana zuwa ya dawo: na ɗaya, na biyu, na uku, na huɗu, sannan na huɗun ya sake, a koma baya har na ɗaya. Na ƙarshe yana ajiye biyu a jere, sai ya haɗa su su cike wa juna giɓi. Na farko ya ɗauki wurin da ya fi kowanne, domin kafin ya dawo an cinye sauran. Ƙauye na biyu shi ke ba ka katunan farawa, ɗaya daga kowane filin da ya taɓa, saboda haka in ya taɓa daji da tudu, ka fara wasa da kuɗin hanya a hannu.

Kada ka ɗora ƙauyukan biyu a kan lamba guda. In 6 ta ƙi fitowa, ko aka kafa mata ɗan fashi, wato ɗan gunkin da ke hana filin da yake kai ba da kati, hannunka ya bushe. Lambobi daban-daban guda biyar ko shida sun fi.

Hanyar farko kuma, wadda ake ajiyewa tare da ƙauye, mutane kan juya ta zuwa tsakiyar allo, inda cunkoso yake. Doka ta hana ƙauye zama a mahaɗar da ke dab da wani ƙauye, ko da naka ne, don haka mutum ɗaya ya ajiye nasa a gabanka, hanyar ta tashi a banza. Juya ta wajen teku, inda ba kowa ke so ba, musamman in akwai tashar jiragen ruwa. Banki yana karɓar kati 4 iri ɗaya ya ba ka 1, tasha ta gama-gari 3, tasha ta musamman 2. Tashar ulu ba ta da amfani ga wanda ba ya samun ulu da yawa, wannan a bayyane yake, amma kullum sai ka ga an yi.

Bakwai ta fi kowace lamba fitowa, fuska 6 cikin 36. In ta fito, duk mai kati fiye da 7 a hannu zai zubar da rabi. Mai ƙauyuka masu albarka shi ya fi shiga wannan tarkon, domin katunansa kan taru tsakanin jifarsa da ta gaba. In za ka miƙa dayis da kati 6 ko 7 a hannu, gara ka sayi katin ci gaba da tama, ulu da alkama. A cikin katunan ci gaba 25 da ke wasan, 14 barade ne, kuma barde ɗaya ya isa ya kore ɗan fashi daga kan 8 ɗinka.