Ni da tsohuwar kwamfutata

Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, da Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin Windows 10, hankalina bai kwanta ba. Da kwamfutar nan nake buga wa mutane takardu, da ita nake cefanen gida. Mun daɗe tare, har harafin A ya goge saboda yawan taɓawa.

Jiya da daddare na sauke PC Health Check, manhajar Microsoft mai duba ko kwamfuta za ta ɗauki Windows 11, na gwada ta. Ya ce ba za ta ɗauki Windows 11 ba. RAM ɗinta, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, gig 8 ne, ya ninka 4 ɗin da ake nema, TPM 2.0 ma, wato sashen tsaro da ake buƙata, tana da shi. Matsalar firosesa ce, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, Intel zubi na 7, alhali na 8 zuwa sama ake so. Mataki ɗaya kacal! Wallahi abin ya taɓa ni.

Ƙanina ya ce, "Yaya, akwai dabarar tsallake sharaɗin nan, kawo in ɗora maka." Na ƙi. Wadda aka ɗora wa ta wannan hanya ba ta da tabbacin ci gaba da samun sabuntawar tsaro, ni kuwa amanar mutane ce a cikinta: hotunan fasfo, sakamakon jarrabawa, takardun filaye.

Sai na shiga shirin ESU na Microsoft, mai tsawaita sabuntawar tsaro ta Windows 10, wanda zai kare ta zuwa 13 ga Oktoba, 2026. Na kwashe fayilolin zuwa wata ma'ajiya ta daban, na kuma shiga adashe don sayen wata, in Allah ya yarda.